Mata da Ilmin Kimiyya: Daga Ƙasar Zamfara Zuwa Jami'a

Ƙasar da ta kama daga Ƙauran Namoda ta bi ta Zurmi ta dangana da Shinkafi ƙasa ce tsohuwa, mai noma da kasuwa da malamai. Kogin Gagare da na Bunsuru su ke ratsa ta, su bar mata fadamu inda a ke shuka shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. An daɗe ana ba da labarin mazajen wannan ƙasa, kamar Namoda, jarumin Alibawa, wanda ya halarci cin birnin Alƙalawa a shekarar 1808. Amma akwai wani labari wanda ba a cika bayarwa ba, shi ne na yadda mata suka shiga neman ilmi, da irin tsayayyar da aka yi da su, da yadda waɗansunsu suka daure har suka kai ga ilmin kimiyya mai zurfi.

Gardamar da aka yi a Zamfara

Wajen shekarar 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo ƙasar Zamfara yana wa'azi, ya yi kamar shekara 5 a cikinta tare da ƙanensa Abdullahi. Duk inda ya sauka jama'a su kan taru, maza a gefe guda, mata a nasu gefen. A wani gari na ƙasar mai suna Daura, wani malami daga Barno da a ke kira Mustafa Gwani ya ga haka, abin bai yi masa daɗi ba. Sai ya rubuta wa Shehu baitoci yana roƙonsa ya hana mata zuwa wurin wa'azi. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa. Ma'anar amsar ita ce, ba a yarda da cuɗanyar maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni, don haka ba za a kore su ba. Abdullahi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati.

Shehu bai tsaya nan ba. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da su ke karantar da almajirai a waje safe da yamma, alhali kuwa sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. A gidansa kuwa ya aikata abin da ya faɗa. 'Yarsa Hadija ta yi zurfi a fiƙihu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuwa matar aure a gidan Waziri Giɗaɗo, ga hidimar gida ga renon 'ya'ya.

Babban abin da a ke tunawa da Nana Asma'u shi ne tsarin 'Yan Taru. Ta ga matan ƙauye ba su da halin barin gidajensu su zauna a makaranta. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don a san ta. Jaji ta kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata ƙanana su taka da ƙafa zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma gida su koya wa matan aure. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. Karatun da a ke yi na addini ne da ladabi da kula da marasa lafiya, ba irin kimiyyar zamanin nan ba ne. Duk da haka ya kafa hujja guda wadda ba ta rushe ba har yanzu, watau cewa mace tana iya yin ilmi mai zurfi, aure kuma ba ya hana ta.

Ilmin da ke hannun mata tun dā

Kafin a zo kan makarantun boko, ya kamata a bayyana abin da a ke nufi da kimiyya. Kimiyya ita ce binciken yadda abubuwan da Allah ya halitta su ke gudana, ta hanyar dubawa da aunawa da gwaji da lissafi. Reshenta da a ke kira fizis shi ke duba sha'anin zafi da sanyi, haske da sauti, nauyi da motsi, da wutar lantarki. Reshen da a ke kira kemistiri kuwa shi ke duba yadda abu ya ke gauraya da wani abu ya rikiɗa.

In an lura da kyau, matan karkara sun daɗe suna aiki da waɗannan dokoki. Macen da ta zuba ruwa a randa ta same shi da sanyi da tsakar rana, abin da ya faru shi ne jikin randa yana da 'yan ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, shi kuwa ruwa in zai bushe sai ya ja zafi ya tafi da shi. Da wannan dokar ce wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da alayyafo, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Mai kaɗi ta san in dunƙulen mazari ya yi nauyi daidai zai daɗe yana juyawa. Mai sabulun salo ta san ruwan toka in ya haɗu da mai a kan wuta ya kan zama sabulu. Mai daddawa ta san kwanakin da kalwa za ta yi a rufe cikin ɗumi kafin ta nuna.

Bambancin waɗannan mata da masanin kimiyya shi ne, su sun san yadda a ke yi, shi kuwa yana neman dalili, ya auna, ya rubuta, don na baya ya ɗora a kai. Ashe ke nan ba basira ce ta yi wa mata ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne alƙalami da lissafi da lokacin zama a yi nazari.

Makarantun boko da jinkirin 'yan mata

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ta 'ya'ya maza. Bayan shekara goma sha aka kafa Kwalejin Katsina, ita ma ta maza. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, da goyon bayan Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sakkwato da Birnin Kabi suka biyo baya, a 1939 kuma aka buɗe makarantar horad da malamai mata a Sakkwato.

Abin da a ke koya wa 'yan matan a lokacin ya fi karkata ga tsabta da ɗinki da girki da renon yara, tare da ɗan karatu da rubutu. Waɗannan abubuwa ne masu amfani, amma ba su kai yarinya ga ɗakin gwaje-gwaje. Iyaye da yawa ma ba su yarda da makarantar ba, sau da dama sai hakimai sun tilasta kafin a ba da yarinya, in ta kai shekarun aure kuwa a cire ta. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, kasuwa ta bunƙasa, kuɗi suka shigo. Amma karatun 'ya mace bai yi saurin da ciniki ya yi ba.

Sannu a hankali al'amari ya riƙa sakewa. A shekarun 1950 aka shiga Yaƙi da Jahilci, manya suka zauna a aji, aka riƙa cewa gemu ba ya hana ilmi. A 1956 aka buɗe makarantar sakandare ta Sarauniya Elizabeth a Ilori don 'yan matan Jihar Arewa. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a 1975 aka kafa ta Sakkwato, a 1976 kuma aka soma shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta. Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya zalla a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, na maza, daga baya ta buɗe wa 'yan mata tasu. A 1983 Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Ƙauran Namoda. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, a 2013 kuma Gusau ta sami jami'ar tarayya. Watau yarinyar Shinkafi ko Zurmi wadda kakarta sai ta je Ilori kafin ta ga ɗakin gwaji, ita tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninta da shi.

Wahalar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce

Kada mai karatu ya zaci a nan kaɗai aka tare wa mata hanya. An haifi Marie Curie a birnin Warso na ƙasar Polan a 1867, a lokacin da jami'ar garin ba ta karɓar mata. Ta yi shekaru tana aikin koyar da 'ya'yan masu arziki a gidajensu, tana aika wa yayarta kuɗi don ta karanta likitanci a Faransa, bisa alkawarin ita ma za a taimake ta in lokacinta ya yi. Sai a 1891, tana da shekara 24, ta isa Paris ta shiga jami'a. Ta zauna a ɗan ƙaramin ɗaki mai sanyi, abinci ma da ƙyar. A 1898 ita da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyam. Aka ba ta kyautar Nobel a fizis a 1903, mijin ya rasu a 1906 ya bar ta da 'ya'ya mata 2, ba ta daina aiki ba, aka sake ba ta wata kyautar a kemistiri a 1911. A Yaƙin Duniya na Farko ta shirya motoci masu ɗauke da na'urar hoton ƙashi, don likitoci su ga inda harsashi ya maƙale a jikin soja.

Bayanta sai da aka yi shekara 60 kafin wata mace ta sake samun kyautar Nobel a fizis, a 1963. Daga 1901 da aka soma ba da ita zuwa 2023, mata 5 kaɗai suka samu. Wannan ya nuna ko a ƙasashen Turai da Amurka hanyar ba ta yi wa mata sauƙi ba.

Rabi'a Salihu Sa'id

A ƙasar Hausa, misalin da ya fi kusa shi ne na Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero a Kano. An haife ta a 1963 a Wangara, cikin ƙasar Gezawa. Mahaifinta soja ne, mai son 'yarsa ta yi karatu. Ta gama sakandare, aka yi mata aure tana da shekara 18, ta zauna a ɗakinta tana renon 'ya'ya, yayin da waɗanda suka yi aji ɗaya da ita suka wuce gaba. Da yawa in sun kai nan sai su ce shi ke nan, karatu ya ƙare.

Ita kuwa tana da shekara 29 ta shiga jami'a, ta zauna aji ɗaya da yaran da ta girme su nesa ba kusa ba. Don ta sami abin biyan kuɗin karatu sai ta riƙa gudanar da makarantar ƙananan yara. Ta zaɓi fizis, fannin da ko maza su ke gudu saboda yawan lissafi. Ta sami digiri na farko, ta soma koyarwa a Jami'ar Bayero a 1999, ta ci gaba har ta sami digiri na biyu da na uku. Ta kuma yi karatu a Jami'ar Reading ta Ingila.

Abin da ta ke bincike a kai ba baƙon abu ba ne ga mutumin Shinkafi. Kowace shekara in hunturu ya shigo, iska ta kan taso daga arewa maso gabas ta kawo hazo, rana ta dushe, leɓɓa su tsage, jirgin sama ya kasa sauka. Mafi yawan wannan ƙura daga wani busasshen kwari ta ke tasowa mai suna Bodele, a ƙasar Cadi, inda dā can tafki ne. Ƙurar in ta hau sama ta kan tare wani kashi na hasken rana, ta sake yanayin zafi da sanyi a ƙasa. Masana irin Rabi'a su ke auna yawan ƙurar, da abin da ta ke yi wa yanayi, da abin da saran itatuwa ya ke ƙarawa a kai. Fanninta ya haɗa har da yanayin sararin sama can ƙoli. A can akwai wani shimfiɗin iska wanda hasken rana ya ke cika shi da lantarki, shi ne ya ke maido da muryar rediyo mai gajeren zango ƙasa, har mutum yana zaune a ƙofar gidansa a Zurmi ya ji magana daga Landan. In rana ta yi tofi mai ƙarfi sai wannan shimfiɗi ya rikice, rediyo da tauraron ɗan Adam su sami tangarɗa.

A 2015 aka ba ta kyautar Gidauniyar Elsevier, wadda a ke ba mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, aka miƙa mata a Amurka. A shekarar kuma gidan rediyon BBC ya sa ta cikin mata 100 da ya zaɓa a duniya. A lokacin ta shaida wa 'yan jarida cewa wutar lantarki ta kamar sa'a 4 kaɗai a ke samu a wurin aikinta a yini, da ita a ke yin dukan binciken. Tana kuma cikin matan da suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar mata masana fizis ta Nijeriya, don manya su riƙa jan ƙanana, kada yarinya ta ga ita kaɗai ce a aji ta karaya. Wanda ya san labarin jaji da 'Yan Taru zai ga kamar aikin ne ya dawo da sabuwar riga.

Abin da rashin masana ya ke jawowa

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala ga mace? Jihar Zamfara ta ga amsar da idonta. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna suma suna sanƙarewa, aka rasa dalili. Da likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa suka aika da jini aka auna, sai aka tarar gubar dalma ce. Duwatsun da a ke haƙowa don neman zinariya suna ƙunshe da dalma, ana kawo su cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara su ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Na'urar da aka yi ta auna ƙasar gidaje da ita ƙarama ce, a hannu a ke riƙe ta, da irin hasken nan na hoton ƙashi ta ke aiki, watau 'yar fizis ce. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani.

Wannan masifa a cikin gida ta auku, inda mata su ke, inda baƙon namiji ba ya shiga sai da izini. Da a ce kowane gari yana da mace ɗaya wadda ta san dalma da aikinta a jikin yaro, wadda za ta shiga ɗaki ta yi magana da 'yan'uwanta da harshensu, da wataƙila an farga da wuri. Haka abin ya ke a asibiti, inda mata da yawa su ke jin nauyin likita namiji, haka kuma a makaranta, inda uba ya fi sakin jiki in ya san malama ce za ta koya wa 'yarsa.

Ilmin yana kuma kawar da tsoro. Ran 29 ga Maris 2006 rana ta yi husufi da hantsi, duhu ya rufe Gusau da Katsina na 'yan mintoci. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun da shekaru kafin ta zo, domin sun san wata ne ya ke gilmawa tsakanin rana da duniya, tafiyarsa kuwa da lissafi Allah ya tsara ta. Uwar da ta san haka za ta yi sallar husufi da natsuwa, ta kuma hana 'ya'yanta kallon rana da ido tsirara don kada ta lalata musu gani.

Sabon cikas

Cikas na dā su ne talauci da talla da cire yarinya kafin ta gama. Ba su ƙare ba, ga shi kuma an sami ƙari. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙasar Talatar Mafara, da dare, suka kwashe ɗalibai 279. An sako su ran 2 ga Maris, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana, iyaye da yawa kuma suka tsorata. Ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura su ma sun sha wuyar waɗannan mutane. Ba wanda zai zargi uban da ya ji tsoro. Hakkin hukuma ne ta tsare makarantu, ta sa musu malaman lissafi da kimiyya da kayan gwaji, ta kuma kusantar da su ga gari don yarinya ta je ta kwana a gida.

Akwai kuma abin da ke hannun iyaye da mazaje. Duk matan da aka ambata a nan, kowacce akwai wanda ya tsaya mata. Nana Asma'u ta sami uba da miji masu daraja ilminta, Marie Curie ta sami 'yar'uwa da miji, Rabi'a ta sami mahaifin da ya sa ta makaranta tun tana ƙarama. Taimakon kuwa ba lalle sai na dukiya ba. Rage wa yarinya talla da yamma don ta yi lissafinta taimako ne. Sanya sharaɗin ci gaba da karatu tun wurin neman aure taimako ne. Mijin da ya bar matarsa ta koma aji bayan haihuwa, da uwar miji da ta karɓi goyo na rabin yini, su ma sun sa hannu.

Wanda ya koyi karatu da girmansa ya fi kowa sanin ɗacin zama ba a iya karanta takarda, ya kuma san sannu ba ta hana zuwa. Shi ya fi cancanta ya zama na farko a unguwarsu da zai bar 'yarsa ta kai ƙarshen karatunta, in ta faɗi jarrabawar lissafi ya ce ta sake, in ta ce fizis ta ke so kada ya ce wannan na maza ne. Amsar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba Mustafa Gwani a ƙasar Zamfara ta haura shekara 230, hujjarta kuwa tana nan yadda ta ke. Allah ya ba ƙasa lafiya, ya sa wa 'ya'ya maza da mata albarka a karatunsu, amin.